Ledar Malam Jimoh

Ranar kasuwar Ƙarfi aka fasa siton malamin gona na Tudun Gamji, da rana tsaka, lokacin da babu kowa a garin sai tsofaffi da awaki. A bazarar 1978 ne, saura kaɗan ruwa ya sauka. An ɓalle kwaɗo, an ɗauke buhu biyu na irin masarar gwamnati, mai jan magani a jiki, wanda za a raba wa manoma ranar Asabar.

Kafin la'asar gari ya gama yanke hukunci. Mutanen Tudun Gamji ba sa ɓata lokaci wajen neman shaida, musamman in akwai baƙo a kusa, kuma malamin gonar Bayarabe ne, sunansa Malam Jimoh. A Malumfashi aka haife shi, a nan ya yi allo da boko, Hausar bakinsa ta fi ta wasu masu zarginsa tsabta. Duk wannan bai hana a ce shi ya ɓalle kwaɗonsa da kansa don ya ɓad da sawu ba.

Mai gari Ummaru ya tara dattawa a ƙofar gidansa. Ya ce ofishin gona ya riga ya faɗa ba za a ƙaro iri ba, ke nan gidaje da yawa sun rasa rabonsu. In ba a ga masarar nan ba, zai miƙa Malam Jimoh ga 'yan sandan Malumfashi, ya kuma nemi a ɗauke musu shi daga garin. Sannan, don kada a ce bai bincika ba, ya aika a kirawo Aƙilu mabi sawu.

Aƙilu tsohon maharbi ne, siriri, mai tafiya kai a ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Matarsa Adama takan ce ya fi sanin ƙafafun mutanen garin fiye da fuskokinsu. Da ya zo bai tambayi kowa komai ba, sai ya roƙi jama'a su ja da baya, duk da cewa sun riga sun tattake rabin abin da zai gani.

Abu biyu ya lura da su. Buhuna sun fi ashirin a siton, amma biyu kawai aka taɓa. Sannan wanda ya shiga, da zai fita, ya jawo ƙofar ya tokare ta da dutse. Aƙilu ya daɗe tsugune yana kallon dutsen nan. Ɓarawon sana'a ba ruwansa da ko awaki sun shiga sun cinye sauran. Wannan hannun manomi ne, wanda ko a cikin sata bai iya barin iri a buɗe ba.

*

Dole a faɗi abin da ya sa garin bai taɓa sakin jiki da Malam Jimoh ba. Na farko, shi ya kawo dokar ofis cewa duk mai son sabon iri sai ya shuka masara zalla, ba dawa ba wake a tsakani. Wanda ya ƙi, babu rabonsa. Na biyu kuwa randunansa ne.

A bayan siton ya kafa rumfa ya jera randuna. Yakan je Ƙanƙara a kan babur ya ɗebo farar ƙasa, ya jiƙa, ya dama, ya bari ta kwanta. Ba ya taɓa wadda ta kwanta a gindi. Ruwan saman nan mai kama da ƙasari shi yake tsiyayewa a wata randar, ya sake jira, ya sake tsiyayewa, wata da watanni, har sai abin da ya rage a ruwan ya zama ƙurar da ido ba ya gani, yatsa ba ya ji. Sai ya dafa sitacin rogo, ya zuba ruwan nan da ɗan gilisirin na kemis da ƙurar auduga daga gidan gurza na Funtua, ya shimfiɗa a kan kwanon rufi ya shanya. In ya bushe sai ya ɓanɓaro abu shara-shara mai sheƙi, sak ledar da ke cikin buhun takin zamani.

Ya sha yi wa mutane bayani. Ya ce sitaci shi kaɗai yagewa yake yi kamar fatar saman koko, amma in ƙurar ƙasar nan ta shiga ko'ina a jikinsa sai ta riƙe shi, yadda ramno ke riƙe ƙasar gini. Iyakar laushin ƙurar, iyakar ƙarfin ledar. Ya ce ya taɓa tsayawa a mahautar Malumfashi aka farke tumbin saniya aka ciro dunƙulen leda kamar kan mutum, tun ranar ya ƙudurta sai ya yi ledar da in ta gama aikinta ƙasa za ta cinye ta. Mutane suka saurara da ladabi, suka koma gida suka ce mutumin da zai dafa rogo ya shanya a kwano bai ci ba, ko dai taɓaɓɓe ne ko kuma yana da abokan hulɗa da ba a gani.

Aƙilu ya same shi a rumfar yana zaune a kan juyayyen turmi. Jimoh ya ce ranar ya tafi Funtua ɗebo ƙurar auduga, kuma direban motar da ya shiga zai shaida. Aƙilu ya ce shaidar direba ba ta da nauyi a wurin mutanen da suka riga suka ƙoshi da zato.

"Ni fa ba kotu nake tsoro ba, Baba Aƙilu," in ji Jimoh. "Randar can ta ƙarshe saura kaɗan ta kai. In aka ɗauke ni yanzu, wa zai duba ta?"

Aƙilu ya dube shi, ya ji tausayinsa ya kama shi, don ya ga mutum ne wanda bai san girman ramin da yake ciki ba.

*

Sawun ya fita ta bayan siton, takalmin taya ne irin na kowa, ya nutse a ƙasa saboda nauyin kaya. Aƙilu ya bi shi ta cikin gonakin da aka share, har bakin burtali. A nan shanun Fulani suka bi da yamma suka shafe komai. Ya tsallaka, ya yi ta kewaye, bai sake samun sawun ba. Abin da ya samu a wani kwazazzabo su ne buhunan guda biyu, babu ko ƙwaya a ciki, rubutun ofis ɓaro-ɓaro a jikinsu.

Kwazazzabon kuwa yana kan hanyar gidan Baba Labo, Bamagujen da ke noma a gefen dajin tun kafin a kafa masallacin garin. Labari ya riga Aƙilu komawa gida. Nan take rabin gari suka sauya ra'ayi, suka ce ai da ma, wa ya fi mai dafa giya buƙatar hatsi? Sauran rabin suka ce haɗin baki ne, Bayarabe ya sata, Bamaguje ya ɓoye.

Aƙilu ya tarar da Labo yana gyaran jinkar rumbu, matarsa Marka tana sussuka. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Labo ya yi dariya har ya kusa faɗowa. Ya sauko ya buɗe rumbunan duka uku, dawa ce tun ta shekaru biyu, har ta yi duhu.

"Aradu, Aƙilu, ka ba ni kunya," in ji shi. "Masara mai guba zan sa a giyata, in kashe abokan shana? Ni da irin wanga zamani ko a hanya ba mu gaisawa. Wanda ubana ya bar mini bai ƙare ba."

Marka ta ce ranar kasuwa tun safe suna Ƙarfi da tukwanenta, rabin matan garin sun taya ta ciniki, amma ta san yanzu babu wadda za ta tuna. Aƙilu ya sha ruwan da ta ba shi ya tashi. A hanya ya yi ta juya abu ɗaya a ransa: wanda ya zazzage masarar ya jefar da buhu, to a cikin me ya zuba ta?

*

Da yamma ya biya wajen amininsa Maiwada, kamar yadda ya saba. Tare aka yi musu kaciya, tare suka fara farauta, kuma Maiwada ne ya tsaya masa a aurensa da Adama. Manomi ne na gaske, mai taurin kai kamar jaki a bakin rafi. Shi ne ya miƙe a gaban jama'a bara ya ce wa Malam Jimoh ba yaron da zai koya masa noma, kuma ba zai zuba abincin gidansa duka a tukunya ɗaya ba. Aka hana shi iri. Da kaka ta yi, maƙwabtansa suka cika rumbu da masara, tasa dawar kuwa ƙuda ya lalata, har ya sayar da ɗan maraƙinsa kafin bazara. Bana ma girman kai bai bar shi ya je ya rubuta suna ba.

Suka zauna a kan tabarma. Maiwada ya tambayi yadda binciken ke tafiya, Aƙilu ya gaya masa duk abin da ya gani, har da dutsen da aka tokare ƙofa. Maiwada ya ce Allah ya tona asirin azzalumi, ya tura masa goro. Aƙilu bai ga komai ba, don mabi sawu ƙasa yake kallo, kuma ba a neman sawu a tabarmar amini.

Washegari ne ya yi kuskuren da ya bi shi har tsufa. A teburin mai shayi wani direba ya ce ya ga jan irin masara a rumfar wata Bayarabiya a kasuwar Funtua. Maimakon Aƙilu ya ja shi gefe, sai ya tambaya a gaban kowa ko ba Kudirat ba ce, ƙanwar Malam Jimoh. Direba ya ce ita ce kuwa. Kafin ya shanye shayinsa, maganar ta kama hanyar zaga gari.

Aƙilu ya hau motar Funtua a ranar. Kudirat ta karɓe shi da fara'a har sai da ta ji abin da ya kawo shi. Ta kai shi da kanta wurin Alhajin da ke sayar mata da iri a kan sari, Alhajin ya ce tun kafin sallah take saye a wurinsa, ya nuna masa tarin buhunan. Ƙwayar ma ba iri ɗaya ba ce, tata ta fi ƙanƙanta. Da zai tafi, mahaifiyarsu Morenike, tsohuwa mai sayar da atamfa, ta riƙe hannun rigarsa. Ta ce shekara arba'in tana kasuwanci ba a taɓa kiran gidanta da sata ba, ta roƙe shi ya dawo mata da ɗanta da sunansa.

Ya dawo da gaskiya a bakinsa, ya tarar ba mai buƙatarta. Samarin gari sun riga sun je rumfar. Ba su taɓa Jimoh ba, amma ba su bar randa ko ɗaya ba. Farin ruwan da aka yi watanni ana tacewa ya malale a ƙasa, ƙasar bazara ta shanye shi, sai farin tabo kawai. Hausawa sun ce in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu. Aƙilu ya tsaya a bakin rumfar ya san rabin wannan ɓarna daga bakinsa ta fito, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

*

Jimoh yana tsince katangar fasassun randuna yana tarawa a gefe, kamar za su yi wani amfani. Aƙilu ya durƙusa ya taya shi. Ya gaya masa an wanke Kudirat, Jimoh ya ce to madalla, bai ɗago ba. Can ya ce da ma tun ranar satar aka fara yi masa asara, don manyan ledojin da ya yi na rufe bedin renon tumatir, waɗanda ya rataye a cikin siton, su ma an kwashe su.

Aƙilu ya saki katangar da ke hannunsa. Ya tambaye shi me ya sa bai faɗa ba. Jimoh ya ce ya faɗa a ƙofar mai gari, aka yi masa dariya, aka ce ana maganar abinci yana maganar ƙanzon rogo.

"Malam, wanda bai sani ba, zai iya bambanta taka da ta buhun taki?"

"Ko ni sai na shinshina."

"In aka naɗe hatsi a ciki aka binne fa?"

"Muddin ƙasa a bushe take, lafiya lau. Amma in ruwa ya sauka ta jiƙe sosai, ba za ta yi wata guda ba. Don haka aka yi ta."

Aƙilu ya miƙe ya kakkaɓe gwiwa. A shekarun nan kowa a ƙasar Malumfashi ya koyi abu ɗaya game da leda: ba ta ruɓewa. Mata na ɓoye kayan ɗaki a ciki, maza na binne abin da ba sa so a gani. Wanda ya zazzage masarar ya ga leda a rataye, ya ɗauka ya samu rumbun da gara ba ta ci, ruwa ba ya shiga.

Ya tafi wurin mai gari ya roƙi alfarma ɗaya, a jinkirta maganar 'yan sanda har ruwa ya zauna. Mai gari ya tambaye shi ko ruwan ne zai kamo ɓarawon. Aƙilu ya ce, ranka ya daɗe, sawun da ya ɓace a sama wani lokaci daga ƙasa yake fitowa. Ummaru bai gane ba, amma ba ya son a ce ya yi gaggawa, sai ya yarda. Aƙilu bai gaya wa kowa dalili ba, har Maiwada. Teburin mai shayi ya koya masa riƙe baki, sai dai karatun ya zo a makare.

Jiran ya yi wa Jimoh tsawo. Aka daina amsa sallamarsa da kyau. A masallaci sai ya ga gefensa ya yi faɗi. Mai kai masa fura ta ce nonon ya yi tsada. Ya raba sauran irin, mutane suka karɓa daga hannunsa suna kallon wani wuri.

*

Ruwa ya sauka, ya sake sauka, gari ya fita shuka. Aƙilu ya bar tasa gonar a hannun Adama, ya shiga yawon gonakin mutane kamar mai gaisuwa. Ba kunyoyin shuka yake dubawa ba, gefe-gefe yake bi, gindin suri, bayan juji, ƙarƙashin ɗorawa, duk inda mutum zai zaɓa in yana son ya gane wuri ba tare da ya sa alama ba.

A gonar da bai so ya shiga ba ya samu. Ya bar ta ƙarshe ne don a ganinsa ɓata lokaci ne. A kusurwar gabas, gindin wani tsohon gawo, akwai wuri kamar faɗin tabarma da aka kankare da fartanya, alhali ko'ina a gonar ba a fara noma ba. Ya tsuguna. Tsakanin sarar fartanyar, tsiron masara ne ke ɓullowa, cunkus kamar gashin kai, wani a kan wani. An sare na jiya, na yau ya fito. Gonar kuwa ta mutumin da bai karɓi ko ƙwayar masara ba ce.

Yana nan tsugune Maiwada ya iso da fartanya a kafaɗa. Ya tsaya daga nesa. Babu wanda ya gaishe da wani, abin da bai taɓa faruwa tsakaninsu ba tun suna yara.

"Gobe da hantsi zan kawo mai gari nan," in ji Aƙilu. "In ka riga ni zuwa wurinsa, Maiwada, zai fi mana sauƙi mu duka."

Maiwada ya ce bai san abin da yake magana a kai ba, ciyawa ce ta dame shi a wurin. Aƙilu ya tashi ya tafi. Ya yi fatan a ce ƙafarsa ta karye kafin ta kawo shi gonar nan, amma ya tuna hannun tsohuwar nan a kan rigarsa. Har gari ya waye Maiwada bai je ba.

*

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da hantsi mai gari ya zo da dattawa, aka kirawo Malam Jimoh da Baba Labo, samarin da suka fasa randuna suka biyo baya ba tare da an gayyace su ba. Maiwada yana tsaye a jikin gawon, hannu a baya.

Aƙilu ya sa aka haƙa. Ba a yi nisa ba fartanya ta shiga cikin abu mai laushi, wari ya taso. Masara ce dunƙule guda, ta sama ta tsira saiwoyi sun sarƙe, ta ƙasa ta ruɓe ta yi baƙi, amma jan maganin yana nan a jikin ƙwayoyin. Aka yi ta salati.

Wani dattijo, mai son ya rufa wa ɗan gari asiri, ya ce ai kowa na iya binne abu a gonar wani, kuma hanyar gidan Labo ba ta da nisa da nan. Kawuna suka fara juyawa wajen tsohon. Labo ya dogara da sandarsa yana kallon su ɗaya bayan ɗaya. Aƙilu ya jira amininsa ya yi magana, ya ba shi lokaci. Da bai yi ba, sai ya nuna sarar fartanyar da ke kewaye da ramin, tsohuwa da sabuwa. Ya ce wanda aka binne wa abu a gona bai sani ba, in ya ga masara ta fito inda bai shuka ba, mai gari zai kira. Ba zai riƙa zuwa kullum da safe yana sare ta a ɓoye ba.

Maiwada bai ji ƙarshen maganar ba. Ya matso bakin ramin, ya durƙusa, ya sa hannu yana tona gefe-gefe kamar mai neman wani abu. Babu komai sai wani farin shafi siriri a jikin ƙasar, kamar an zuba ruwan alli ya bushe.

"Na naɗe ta da kyau," ya ce a hankali, ba da kowa yake ba. "Ninki uku na yi. Ai leda ba ta ruɓewa."

Babu wanda ya ambaci leda a wurin kafin shi. Malam Jimoh ya zo ya tsuguna a ɗaya gefen ramin, ya shafo farin da yatsa ya duba. Duk wanda ya ga fuskarsa a lokacin ya ce wani abu mai kama da murna ya gifta ta, sannan ya ɓace. Aikinsa ya yi daidai yadda ya ce zai yi, kuma randunan da za su sake yin irinsa suna can a farfashe.

Maiwada ya faɗi sauran da kansa. Ya ce ba sayarwa zai yi ba. So ya yi ya wanke jan maganin in ƙura ta lafa, ya shuka a tsakanin dawarsa, ya nuna wa ofis cewa haɗin ma yana yi. Da ya ga an kama sunan wani, kullum yakan ce gobe zai faɗa, har goben ta yi nisa. Mai gari ya ce sai Malumfashi. Jimoh ne ya roƙa a bar shi, ya ce shi ya hana shi iri a kan dokar da shi kansa bai gama yarda da ita ba, kuma ɗaurin Maiwada ba zai mai da ruɓaɓɓiyar masara abinci ba. Aka yanke Maiwada zai biya da dawa in kaka ta yi. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance.

Mai gari ya ce kowa ya shaida Malam Jimoh ba shi da laifi. Jama'a suka ce haka ne, da ma su ba su taɓa yarda ba. Sai kowa ya tuna yana da shuka, aka watse. Labo ne kaɗai ya tsaya ya ce in Malam zai sake aikin ledarsa, Marka za ta gina masa randuna kyauta.

*

Bai sake ba. Kafin a yi noman farko ya nemi a sauya masa wuri, daga baya ma ya bar aikin ya koma Funtua yana taya Kudirat a rumfa. Ranar da zai tafi Aƙilu ya je ya taya shi ɗaure kaya a babur, ya roƙe shi ya zauna, ya ce gari ya gane kuskurensa.

"Baba Aƙilu, cibiyata a Malumfashi aka binne ta," in ji Jimoh. "Amma ranar da buhu biyu suka ɓace, kafin la'asar na zama baƙo. Ba zan iya zama ina jiran buhu na gaba ba."

Ya ciro leda guda ɗaya da ta rage, ƙarama, wadda ya ce ita ta fi duka kyau, ya ba shi. Aƙilu ya ninke ta ya sa a akwatin da yake ajiye rigar sallarsa.

Shi da Maiwada suka ci gaba da gaisawa a masallaci da wurin jana'iza, amma tabarmar yamma ba ta sake shimfiɗuwa ba. Aƙilu ya daina bin sawu. In an zo kiransa sai ya ce idonsa ya yi rauni, alhali yana iya zura zare a allura.

Shekaru suka wuce, leda ta cika ƙasar, baƙa da fara, a kan ƙaya, a cikin kunyoyin gona, a bakin rijiya. A daminar 1986 san noman Aƙilu ya daina cin abinci, ya rame, aka yanka shi kafin ya mutu. Mahauci ya farke tumbin ya ciro dunƙulen leda, ya ce wannan ne na huɗu a watan. Mutanen da suka taru suka yi ta jimami, wani a cikinsu, wanda da hannunsa ya fasa randa, ya ce ina ma a ce akwai ledar da ke ruɓewa.

Aƙilu ya ce akwai, ya shiga ɗaki don ya ɗauko ya nuna musu. Ya buɗe akwatin, ya ɗaga rigar sallar. Damunan da suka wuce sun riga sun shiga har can. Babu komai a wurin sai ɗan farin gari a kusurwa, wanda ya manne masa a yatsa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya rufe akwatin ya fito, ya ce musu bai gan ta ba.